Yadda zaki zaɓi man fuska ta hanyar duba abin da ke cikinsa

Yawancinmu in mun shiga shagon kayan shafa gaban kwalba muke kallo, hoton wata mace tana sheƙi da alƙawarin kwana bakwai, sai mu juya mu tambayi mai shago wai wannan yana da kyau? Toh shi me zai ce, kayansa ne fa. Alhali duk labarin yana bayan kwalbar, a ɗan mitsitsin rubutun nan da sai kin kawo shi dab da ido kafin ki iya karantawa. Shi nake so mu koyi dubawa, wane sinadari ne yake wane aiki, wanne ya fi wanne, wanne ne kuma ko kyauta aka baki bai kamata ya kusanci fuskarki ba. Sunayen zan rubuta su yadda zaki gansu a jikin kwalba saboda ki gane su in kin je saye. Maza ma ku matso, masu fama da ƙurajen aski akwai naku a ciki.

Kafin komai ki riƙe wannan, fatarmu ba ta yafe ƙuna. Baƙa ce ke ko wankan tarwaɗa, duk abin da ya sa fatarki kumburi ko raɗaɗi, ƙurji ne ko mai mai zafi ne ko dirza da soso, jiki sai ya ƙara turo sinadarin launi wato melanin zuwa wurin, ƙurjin ya tafi a sati ɗaya amma tabonsa ya zauna wata shida ko fi. Shi yasa in kin ga Baturiya a TikTok tana zuba asid mai ƙarfi a fuska kar ki ce kema bari ki gwada, ita fuskarta ja zata yi kwana biyu ya wuce, ke baƙi zai bar miki.

Mataki na farko: ki san irin fatarki, ki zaɓi matsala ɗaya

Ki wanke fuska da sabulu mara ƙarfi, ki tsane ta, kar ki shafa komai ki jira kamar awa ɗaya. In kin ji tana ɗaurewa har tana yin fari-fari, busasshiya ce. In ko'ina ya ɗauki maiƙo, mai maiƙo ce. In goshi da hanci ne kawai suke ƙyalli amma kumatu lafiya lau ko ma a bushe, gauraye ce kuma mutane da yawa nan suke. Akwai kuma mai saurin fushi wadda komai aka sa mata sai ta yi ƙaiƙayi. Ki sake gwajin nan in yanayi ya canza, domin fuskar da ke zubar da mai a watan Afrilu ita ce dai zata dinga saɓa a Janairu.

Daga nan ki zaɓi abu ɗaya da ya fi damunki, bushewa ce ko ƙuraje ko tabo. Ɗaya fa. In kina da ƙuraje da tabo tare, ƙurajen zaki fara kashewa, in ba haka ba kina goge tsohon tabo sabo yana fitowa. Sannan kyasbi da makero ba aikin kayan kwalliya bane, cutar fungus ce, maganinsu irin su clotrimazole ko ketoconazole ne, wannan ki je wajen likita ko ƙwararren mai famasi.

Mataki na biyu: karanta bayan kwalba

Ki nemi inda aka rubuta Ingredients. Ƙa'idar da kamfanoni ke bi ita ce su jero kayan daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, shi yasa kusan kullum Aqua ne a farko, ruwa kenan. Guda biyar ko shida na farko su ne ainihin man. In an kai kan abubuwan da ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, nan an yarda su jera yadda suka ga dama. Ga wata dabara, ki nemi phenoxyethanol, sinadarin hana mai lalacewa ne kuma ba a wuce kashi 1 da shi, so duk abin da ya zo bayansa yawanci ɗan kaɗan ne. In gaban kwalba ya cika baki da man kaɗanya amma a baya kika ganshi can ƙasa bayan phenoxyethanol da turare, kin san sunan kawai aka sayar miki. Amma fa wasu sinadaran dama kaɗan ake buƙata, retinol misali ƙasa da kashi 1 yake aiki, ganinsa a ƙasa ba laifi bane.

Ki duba ranar lalacewa, ki duba lambar NAFDAC in a Najeriya kike, ki duba ɗan hoton gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 6M ko 12M a jiki, ma'anarsa wata shida ko sha biyu bayan kin buɗe. In fatarki mai saurin fushi ce ki guji wanda aka sa Fragrance ko Parfum. Wanda kuma babu jerin kayan haɗi sam, roba ce fara da sitika an rubuta organic da lambar waya, ki ajiye shi inda kika ɗauka, zamu zo kansa.

Mataki na uku: wanki

Nan ba sai an daɗe ba. Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami a halittarta, a ma'aunin tsami da ake kira pH wajen 5 take, sabulun wanka na gama-gari kuma yana kaiwa 9 zuwa 10, shi yasa fuska ke ɗaurewa bayansa. Sabulun salo ma da tokar ɓawon koko ko na ayaba ake yinsa, yana wanke maiƙo sosai amma yana da kaifi, mai busasshiyar fata in tana wanke fuska da shi safe da yamma a hunturu ita ta jawo wa kanta. In kina sonsa ki yi kumfa a hannu ki shafa kumfar, kar ki goga dunƙulen a fuska. Abin wanke fuska mara ƙarfi sau biyu a rana ya isa, sauran lokutan ruwan alwala kaɗai ya wadatar ba sai kin bi da sabulu ba.

Mataki na huɗu: masu sa laushi, waye yake me

Su kashi uku ne kuma rashin gane bambancinsu ne yake sa mace ta sayi mai tsada ta ce bai mata komai ba. Akwai masu jawo ruwa, akwai masu cike gurbi su sa santsi, akwai masu rufewa su hana ruwan gudu. Ki ɗauka randa ce, wani ya zuba ruwa wani ya toshe tsagar wani ya ɗora murfi, in babu murfin rana ta shanye.

Masu jawo ruwa su ne glycerin da hyaluronic acid da urea. Hyaluronic shi ne ɗan gayu, kwalba ƙarama kuɗi da yawa, amma maganar gaskiya gilisarin ɗin nan mai araha da iyayenmu suka sani ba ya jin kunyarsa ko kaɗan, bambancin dai gilisarin yana danƙo shi kuma hyaluronic ba ya nauyi a fuska. Dukkansu a kan fata mai damshi ake shafawa a bi da mai a kai, musamman a hunturu da iska ta bushe ƙamas babu wani ruwan da zasu jawo daga waje, in kika shafa shi kaɗai kika fita zaki ji fuskar ta fi da ɗaurewa. In zaki sirka gilisarin da ruwa ki haɗa na kwana biyu zuwa uku kawai, duk abin da aka sa wa ruwa ba tare da sinadarin adanawa ba ƙwayoyin cuta suna shiga. Urea kuma a ganina ba a ba shi haƙƙinsa ba, kashi 5 zuwa 10 yana sa laushi, kashi 20 zuwa 40 yana narkar da kaushi, ga masu faso babu kamarsa, ki jiƙa ƙafa ki shafa ki bi da basilin ki sa safa ki kwanta. Mai ciwon suga dai in ƙafarta ta tsage asibiti zata kai, kar ta tsaya gwaje-gwaje.

Masu cike gurbi su ne ceramides da squalane da mayukanmu irin man kaɗanya. Ceramide dama akwai shi a fatar mutum, shi ne yake riƙe ƙwayoyin saman fata da juna, in kin ƙona fuskarki da shafe-shafe shi zaki nema. Man kaɗanya a jiki da leɓe da gwiwar hannu ba a magana, a fuska kuma ya danganta, wasu yana karɓarsu wasu yana musu nauyi. Man kwakwa ki bar shi a jiki da gashi, a fuskar mai ƙuraje yana toshe ƙofofin fata.

Mai rufewa kuma sarkinsu basilin, a kwalba Petrolatum ake rubutawa. Tun 1872 Robert Chesebrough ya yi masa rajista a Amurka kuma har yau ba a samu wanda ya fi shi hana ruwa fita daga fata ba. Shi ba ya ƙara ruwa, wanda ya tarar yake tsarewa, so a kan jiƙaƙƙen jiki bayan wanka ake sa shi. Maganar wai yana sa baƙi, babu abin da ke cikinsa da yake taɓa launi, ƙura ce take mannewa a kai in an lafta da yawa an shiga gari.

Mataki na biyar: in ƙuraje ne matsalar

Ki kalli ƙurajen da kyau a madubi domin ba iri ɗaya bane. In ƙanana ne masu baƙin kai ko farin kai, fuska ta yi gurji-gurji amma babu zafi, toshewa ce, salicylic acid zaki nema, kashi 0.5 zuwa 2. Shi yana narkewa a cikin mai, saboda haka yana iya kutsawa cikin ƙofar fata ya share abin da ya cushe. Ki fara da sau biyu ko uku a sati.

In kuma jajaye ne masu zafi da ruwa a kai, nan ƙwayoyin cuta sun shigo, benzoyl peroxide ne maganinsu domin kashe su yake. Ana samun kashi 2.5 da 5 da 10, kuma dan Allah kar ki ce bari ki ɗauki 10 ya fi sauri, an daɗe da gano cewa 2.5 yana aiki kusan daidai da shi kuma bai kai shi busarwa ba. Wanda ake wankewa ya fi sauƙi ga mai farawa, ki shafa ki bar shi minti ɗaya zuwa biyu ki ɗauraye. Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne yana cin launin kaya, hijabinki mai ruwan bula da rigar filo da tawul duk zasu yi dabbare-dabbare, ki ware masa farin tawul. Kar kuma ki bar shi a mota ko inda rana ke duka, zafi yana lalata shi.

Sai dangin bitamin A, wato retinol da adapalene da tretinoin. Waɗannan su ne manya, suna hana ƙofa toshewa tun daga tushe, suna rage tabo, suna kuma rage yamushewar fata in an daɗe ana amfani da su. Retinol shi ne mai sanyi a cikinsu, a kayan kwalliya ake samunsa, sai jiki ya juya shi kafin ya yi aiki shi yasa yake da jinkiri. Adapalene kashi 0.1 shi ya fi dacewa da ƙuraje, a Amurka tun 2016 aka yarda a sayar da shi ba tare da takardar likita ba. Tretinoin ya fi su ƙarfi ya fi su saɓar da fata, wannan likita ne ya kamata ya ɗora ki a kai ko da kemis ɗin unguwa zai miƙo miki ba tambaya.

Yadda ake sa su, da dare kawai, bayan kin yi alwalar isha'i kin gama da ruwa, ki bari fuska ta bushe sarai, ki matso daidai ƙwayar wake ɗaya wa duk fuskar, ki ɗiga a goshi da kumatu da haɓa ki baza, ki kauce wa gefen ido da gefen hanci da leɓe, sannan ki bi da mai. Sau biyu a sati na sati biyu zuwa uku, in lafiya ki koma dare ɗaya ki tsallake ɗaya. A makonnin farko fuska tana iya ɗan saɓa har ƙurajen su ƙaru, yawancin mutane nan suke jefarwa su ce bai karɓe su ba, alhali sai an kai wajen sati 12 ake yanke hukunci. Amma in raɗaɗi ne har ruwa ma yana miki zafi, wannan ba haƙuri ake ba, ki tsaya ki koma mai kawai har ta huce.

Mai ciki ko mai neman ciki ba ruwanta da dangin bitamin A gaba ɗaya. Wanda ake sha ɗin nan, isotretinoin, ma ya fi haɗari, yana nakasa jariri a ciki, kar wadda ta karɓa a hannun ƙawa. Mai ciki azelaic acid ne abokinta, likitoci suna yarda da shi, yana taɓa ƙuraje yana taɓa tabo, ana samun kashi 10 a kayan kwalliya, 15 zuwa 20 kuma a matsayin magani. Yana ɗan tsikari minti kaɗan da farko sai ya daina. Ni da za a ce in zaɓar wa baƙar fata sinadari ɗaya tak bayan man kariyar rana, shi zan ɗauka.

Maza masu ƙurajen aski, gashin ne yake lanƙwashewa ya koma cikin fata. Ku daina ƙwalƙwal da reza, a bar ɗan tsiro da kilifa, a bi inda gashi ya kwanta, sannan salicylic ko glycolic sau biyu a sati yana taimakawa.

Mataki na shida: tabo, da inda ake faɗawa rami

Goge tabo daban, canza launin da Allah Ya ba mutum daban, kuma masu sayarwa da gangan suke cakuɗa su. Masu goge tabo na ƙwarai aikinsu su rage yawan launin da ya taru a wuri ɗaya har ya daidaita da sauran fuskar, ba zasu mayar da ke wata ba.

Niacinamide, wato bitamin B3, shi ne mai sauƙin kai. Kashi 2 zuwa 5 ya isa, yana rage maiƙo yana ƙarfafa fata yana dusashe tabo a hankali, kuma yana zama lafiya da kusan kowane sinadari. Na kashi 10 da ya cika kasuwa ba dole bane, wasu ma ƙaiƙayi yake sa su. Bitamin C kuma, wanda aka fi bincike a kai shi ne ascorbic acid kashi 10 zuwa 20, da safe ake sa shi ƙarƙashin man rana, yana sa fuska ta washe. Matsalarsa ba ya jure zafi da haske da iska, ga yanayinmu ga rashin wuta, kwalbar da ta yi wata da watanni a shago tana shan zafi kafin ta zo hannunki ta riga ta mutu. In kin ga ruwan ya koma ruwan goro ko ya yi duhu, kuɗinki sun tafi. Ki sayi ƙaramar kwalba mai duhu ki ɓoye ta a wuri mai sanyi. Tsakanin su biyun, mai ƙaramin ƙarfi ta ɗauki niacinamide hankalinta kwance.

Alpha arbutin da kojic acid da tranexamic acid su ma suna rage samar da launi. Kojic daga wani fungus da Japanawa ke amfani da shi wajen tsima shinkafa aka samo shi, yana aiki amma yana yawan sa ƙaiƙayi, sabulunsa kuma in an bar shi ya daɗe a fuska yana ƙonawa. Tranexamic an fi saninsa a kan baƙin kumatu ɗin nan da ke fito wa mata lokacin ciki ko in suna shan maganin tsarin iyali.

Sai masu saɓar da matacciyar fata, glycolic acid da lactic acid da mandelic acid. Glycolic ƙwayarsa ta fi ƙanƙanta so ya fi shiga ya fi zafi, lactic ya fi shi sanyi har yana ɗan sa laushi, mandelic ya fi su duka tafiya a hankali shi yasa ake yaba shi a baƙar fata. Sau ɗaya ko biyu a sati da dare. Ruwan ɓare fata da ake sayarwa wai a shafa kwana uku fata ta sale gaba ɗaya, wannan ƙuna ce kawai aka sa wa suna mai daɗi.

Yanzu ga ukun da nake so ki haddace sunansu. Na ɗaya hydroquinone. Shi magani ne na gaske, likitocin fata suna bayar da kashi 4 na ɗan watanni a kan tabo mai taurin kai sannan a tsaya. Shafa shi duk jiki shekara da shekaru shi ne yake kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi wanda kusan ba ya fita, ga gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin. Tarayyar Turai ta hana sa shi a man kwalliya tun 2001, Ghana ma ta hana a 2016. Na biyu sitiroyid, a jikin tub zaki ga Clobetasol ko Betamethasone. Su ne a cikin mayukan nan masu aiki uku da ake saya a kemis ana matsewa cikin man shafawa, har na jarirai wallahi, abin da ya fi ɓata min rai kenan. Sati biyu na farko fuska zata yi fes ki ce kin dace, daga baya fata ta yi siriri jijiyoyi su fito kore, nankarwa mai faɗi ta tsage cinya da hammata, ƙuraje da gashi su fito a fuska, ciwo ya ƙi warkewa, kuma yana ratsawa cikin jini ya taɓa hawan jini da suga. Na uku mekuri, ana rubuta Mercury ko Calomel ko Mercurous chloride in ma an rubuta kenan, yana lalata ƙoda da jijiyoyi kuma yana kaiwa ga jariri ta ciki da ta nono. Yarjejeniyar Minamata da ƙasashen duniya suka ƙulla a 2013 ta sa masa iyaka a kayan shafa, daga baya ƙasashen suka amince a hana shi kwata-kwata daga 2025, amma har yanzu yana yawo a kasuwa.

Haɗin da babu jerin kaya a jiki, wanda ake ce miki na gargajiya ne zalla amma yana fara da mutum a kwana goma, ki tambayi kanki wane ganye ne yake wannan aikin. Babu shi. In kin daɗe kina shafa mai sitiroyid kuma, kar ki yanke rana ɗaya, fuska zata yi bore da ja da ƙuraje da zafi har ki koma da gudu, likitan fata ne zai janye miki shi a hankali. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na ABU da ke Shika suna da masu duba fata.

Mataki na bakwai: man kariyar rana

Eh, baƙar fata ma tana buƙata. Launinmu yana ba mu ɗan kariya daga ƙunar rana amma ba ya hana tabo ƙara duhu, duk abin da kika shafa da dare rana tana warware shi da rana in babu wannan. Ki nemi SPF 30 ko sama, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyar, mai rubutun Broad spectrum, ma'ana yana tare hasken da ke ƙona fata da wanda ke ratsawa cikinta. SPF 30 yana tare wajen kashi 97 na hasken da ke ƙona fata, 50 kuma wajen 98, so ba wani tazara bane, yawan da kika shafa ya fi lambar muhimmanci. Tsawon yatsu biyu, manuni da na tsakiya, wa fuska da wuya.

Man ranar iri biyu ne. Mai zinc oxide ko titanium dioxide ba ya cika sa ƙaiƙayi amma yana barin fuska toka-toka, ɗayan kuma mai su avobenzone yana ɓacewa a fata sai dai wani yana shiga ido da gumi. Mai baƙin kumatu ta nemi mai ɗan launin hoda wanda aka sa wa iron oxides, domin hasken da ido ke gani ma yana ƙara mata duhu kuma iron oxides ɗin ne yake tare shi. Alwala tana wanke shi, saboda haka in zaki sake fita bayan azahar ki sake shafawa, in kina cikin rana tsundum kuma duk bayan awa biyu. Hijabi da lema da malafa suna nasu aikin. Masu lalurar zabiya su kam wannan ba kwalliya bace a wajensu, kariya ce daga kansar fata.

Mataki na takwas: gwaji da jerawa

Duk sabon abu ki fara shafa ɗan kaɗan a cikin lanƙwasar hannu ko bayan kunne, safe da yamma, kwana bakwai in zaki iya, in kin ƙosa ko uku ne. Babu ja babu ƙaiƙayi, sai ya hau fuska. Abu ɗaya ake shigo da shi a lokaci guda, a ba shi sati biyu zuwa uku kafin a ƙaro wani, in ba haka ba in fuska ta rikice ba zaki san waye mai laifin ba.

Da safe, wanki, sai mai ruwa-ruwa irin niacinamide ko bitamin C, sai mai, sai man rana a ƙarshe. Da dare, wanki, sai maganin da kika zaɓa, sai mai. Mai ruwa kafin mai kauri, shikenan. Kar ki haɗa retinol da glycolic ko salicylic a dare ɗaya, ki raba musu kwana. Tretinoin da benzoyl peroxide ma ba a shafa su tare, ɗaya safe ɗaya dare, adapalene ne yake jure zama da shi.

Kayan kicin kuma, zuma da ɗan kurkum ba su cika cutarwa ba in kin gwada a hannu. Lemon tsami ne bana so, tsaminsa ya wuce abin da fata ke ɗauka, kuma in rana ta same shi a jiki yana ƙonawa ya bar baƙin da ya fi wanda kike son cirewa. Man goge baki a kan ƙurji, tafarnuwa, bekin soda, kanwa, duk layi ɗaya suke.

Amare ku ji nan. In kina son gyaran fuska na sinadari ki fara wata uku kafin biki, saura sati biyu kuma kar ki gwada sabon komai ko waye ya kawo. Dilka a jiki lafiya, amma banda dirzar fuskar da ke da ƙuraje. In kina kan retinol ko adapalene ko tretinoin ki dakatar da shi aƙalla sati ɗaya kafin a sa miki halawa a fuska, in ba haka ba tana iya tashi da fatar, kuma ki faɗa wa mai gyaran jikin abin da kike shafawa tun kafin ta fara. Baƙin lalle na dayis ma akwai sinadarin rinin gashi a ciki mai suna PPD da ke sa wasu hannu ya kumbura ya yi ruwa, a ɗiga miki ɗan kaɗan a gwada kwana biyu zuwa uku kafin ranar ƙunshi, in kuma rinin gashi ya taɓa tayar miki da ƙuraje ki tsaya a jan lalle kawai.